Ambulan ɗin ranar Juma'a: hukuncin "na goro" ga sabon ma'aikaci

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Wata biyu ke nan da na kama aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kano, bayan na shekara huɗu ina zaman jira. Na tarar da wasu al'adu da babu su a takardar ɗaukar aiki. Da albashin farko ya shigo aka ce sai na "wanke", na sayo tsire da lemo. An sa ni a adashin ofis. In wani ya makara, sai a sa masa hannu a rajista. Abin da ya fi damuna shi ne masu zuwa bin fayil sukan ajiye wani abu su ce ga na goro. Ba ma roƙo, kuma sai an gama musu aiki suke bayarwa. Ana tarawa wurin wani dattijo a cikinmu, ranar Juma'a a raba a ambulan. Na karɓa sau uku. Ogana ya sani, ya ce ihsani ne, wani ma ya ce ya ji malami ya halatta. Na dai lura waɗanda suka saba bayarwa ba sa daɗewa a kan benci. Ina tsoron in ƙi karɓa a mayar da ni saniyar ware.

Wani matashi daga Ɗorayi

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a aikin nan, ɗana, ya sa ka gama lafiya.

Bari mu fara sallamar ƙananan. Tsire da lemo, in da daɗin ranka ka saya, kyauta ce. In kunya ce ta matse ka, laifin yana kan waɗanda suka matsa, kuma kada ka yi wa wanda zai zo bayanka haka. Adashi halal ne a wurin mafi yawan malamai, matuƙar kowa abin da ya zuba shi zai kwasa. Sa wa wanda bai zo ba hannu a rajista ƙarya ce a rubuce, babu saɓani, ka bari.

Sauran magana tana kan ambulan, kuma kai da kanka ka amsa tambayarka ba ka sani ba. Ka ce masu bayarwa ba sa daɗewa a kan benci. To wane ne yake daɗewa? Tsohon da ya zo bin haƙƙinsa da kuɗin adaidaita sahu kaɗai a aljihu, da matar da mijinta ya rasu ta zo da goyo. Mintin da aka rage wa mai bayarwa, daga lokacinsu aka yanko shi. Da ba ka faɗi wannan jimlar ba, da na ce maka kuɗin haramun ne saboda kyautar ma'aikaci ce. Da ka faɗe ta, sai abin ya ƙara nauyi: ya zama rashawa da ake biya a ƙarshen aikin yau don sayen gaban layin gobe. Hadisin la'anar mai bayarwa da mai karɓa ka san shi tun kana Islamiyya, ba sai na maimaita ba.

Amma maganar da aka ce wani malami ya yi tana buƙatar tsayawa, don ta yaɗu a ofisoshi, kuma mutanen kirki ne suke riƙe da ita. Cewa suke: in ba ka roƙa ba, ba ka gindaya sharaɗi ba, kuma bayan kammala aiki aka ba ka, to kyauta ce, Annabi (SAW) kuwa ya yi umarni da kyauta. Wannan fahimta ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Humaid as-Sa'idi, ba a ce ya roƙi kowa ba. Dawowa ya yi ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Bai ma ɓoye ba. Duk da haka Manzon Allah ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ka ga ma'aunin ba roƙo ba ne, ba kuma lokacin bayarwa ba ne. Ma'aunin shi ne: da ba don kujerar ba, za a ba ka? Shekara huɗu ka yi a Ɗorayi kana jiran aiki. A cikin mutanen nan, wa ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofarku da na goro?

Batun rashin sharaɗi kuma, malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa abin da al'ada ta tabbatar daidai yake da abin da aka sharɗanta da baki. Ofishin da har an naɗa mai ajiya, an sa ranar rabo, ba ya buƙatar kowa ya buɗe baki ya roƙa. Bencin ne yake roƙo a madadinku. Shi ya sa Umar ɗan Abdul'aziz ya ce kyauta a zamanin Annabi kyauta ce, a yau kuwa rashawa ce. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, da ake karantawa a zaurukan garin nan, an hana alƙali karɓar kyauta ko da zai rama da kwatankwacinta, sai daga ɗan'uwa na kusa. Dalilin hanin, wato karkatar zuciya, yana nan a kan duk wanda haƙƙin jama'a yake bi ta teburinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Kitabul Farƙi ya lissafa "gaisuwa" da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya yi inkari. Sunan ne kawai yake canzawa: jiya gaisuwa, yau na goro ko na shan ruwa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce izinin oga, kuma tana da asali. A hadisin Adiyyu ɗan Amira da ke cikin Muslim, an ce ma'aikaci ya kawo komai, kaɗan da mai yawa, abin da aka ba shi ya karɓa, abin da aka hana shi ya hanu. Don haka yaron shago a Kantin Kwari, in mai gidansa ya yarda ya karɓi ihsanin kwastoma, ba mu hana shi ba, haka dillalin da ke cin la'adarsa a fili. Bambancin shi ne mai shago dukiyarsa ce. Oganka kuwa ɗan albashi ne kamarka, ba shi ya mallaki ofishin ba, wanda bai mallaka ba kuma ba ya kyauta. Wadda ta ɗauke ku aiki gwamnati ce, kuma ta riga ta yi magana: ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikaci nema ko karɓar wani amfani saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa, sai kyautar dangi da abokai a irin lokutan da al'ada ta sani. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC a shekarar 2000 ta mayar da cin hanci laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Izinin da ake jingina da shi babu shi.

Saura kukan ƙarancin albashi. Na san mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da jihar nan ta amince da shi a 2024 ba ya kai magidanci ƙarshen wata, ba na raina wannan. Sai dai hadisin Buraida a Abu Dawud bai bar ƙofa ba: wanda aka ɗauka aiki aka yanka masa abin biya, duk abin da ya karɓa bayan haka gululu ne, wato cin amanar dukiya. In gwamnati ta tauye ka, ita za ka nema ta hanyar ƙungiyarku, ba bazawarar da ke kan benci ba.

Ambulan ukun da ka karɓa, ka lissafa abin da ke ciki. Tunda kuɗin a gauraye suke kuma ba ka san masu su ba, ka fitar da daidai adadin ka ba mabuƙata ko ka sa a wani amfanin jama'a, da niyyar rabuwa da shi, ba neman ladan sadaka ba. In babu a hannu yanzu, ka rubuta shi bashi, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma na fi ji maka tsoro. Matashi in ya gano hukunci yakan shiga ofis da wa'azi a baki, ya ce wa sa'annin ubansa suna ciyar da iyalinsu haram. Kada ka yi haka. Wata biyu gare ka, ko sunayen masinjoji ba ka gama sani ba. Ka sami dattijon nan shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ake gaida manya, ka ce, "Baba, don Allah a cire ni daga rabon Juma'a, zuciyata ce ba ta natsu ba." Kada ka ƙara ko kalma. In ya ce me ya sa, ka ce ka tambaya ne aka ce ka bari. Kada kuma ka ce a ba wane kasonka, don abin da ba naka ba ba ka da ikon kyauta da shi.

Sannan ka cike gurbin ta wata hanya. Ka riga kowa gaisuwa, ka je suna da ta'aziyya, ka zuba gudummawar biki daga albashinka, ka kama wa wanda aiki ya yi wa yawa. Za su kira ka ustaz na wata ɗaya ko biyu, su gaji. Ka kula da kanka wajen salla ma: wanda ya ƙi ambulan amma ya fita Azahar bai dawo ba sai bayan La'asar, ya ci albashin awannin da bai yi aiki ba, kuma da wannan za su fara kama ka.

A teburinka kuwa, wanda ya fara zuwa shi za ka fara sallama, ko ya saba bayarwa ko bai saba ba. In wani ya miƙo maka, ka yi murmushi ka ce ya bar shi, an riga an biya ka. Ranar da aka umarce ka da ka danne fayil ɗin wani sai ya kawo wani abu, wannan zalunci ne a fili, babu biyayya a cikinsa. Ka sake rubuto mini kafin ka ɗauki mataki, don shawarar wannan ranar daban ce.

Wallahu a'alam.