Gajerun da na ƙirƙira suna mutuwa kamar ƙudaje

Tambaya: Malam, ni ke jan ragamar wasan Dungeons & Dragons (wasan tebur na ƙirƙirar labari da jefa dice) a ƙungiyarmu. Na ƙirƙiro wata ƙabila ta gajeru, tsayinsu ƙafa 3, na ba su wuƙa bibbiyu da zafin nama kamar yadda na ji ana cewa. Amma duk karon da aka yi sai a karkashe su, har 'yan wasa sun fara gudunsu. Ko in soke su kawai?

Amsa: Kada ka soke su, ɗan'uwa. Wuƙaƙen nan za ka karɓe.

Kusan kullum sai an kawo mini wannan magana, wai ƙaramin jiki sai ƙaramin makami. Masu bidiyon koyarwa a YouTube sun yi ta nanata ta har ta zama kamar karatun allo, kuma wallahi ta ishe ni. Tun 1638 masanin kimiyya Galileo ya warware lissafin: idan ka rage tsayin jiki zuwa rabi, nauyi zai koma kashi ɗaya cikin takwas, ƙarfin tsoka kuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wato gajeren naka ya fi ƙato iya ɗaukar jikinsa. Zai hau bango, ya diro, ya miƙe garau. Abin da ya rasa tsawon hannu ne da nauyin duka. To kai kuma ka zo ka damƙa masa makamin da ya fi kowanne gajarta! Ka hango shi gaban ƙato mai gatari: sai ya ratsa ta ƙarƙashin sara kafin tsinin wuƙarsa ya taɓa ko da gwiwa, duk don ɓarnar 1d4, wato jefa dice ɗaya mai fuska huɗu, maki 1 zuwa 4. Wannan ai tura shi ka yi lahira da hannunka.

Ba shi nisa. Ƙaramin baka yana yin 1d6 daga ƙafa 80. Majajjawa ma ba abin rainawa ba ce, Hanibal, shahararren sarkin yaƙin Kartej na zamanin da, da kansa ya ɗauki masu jifa da ita daga tsibiran Baliyarik na Sifen. Idan dokokin wasan na bugun 2014 kuke bi, manyan makamai suna wahalar da ƙananan halittu, amma bugun 2024 ya mayar da sharaɗin kan maki 13 na ƙarfi ko na zafin nama, don haka yanzu gajere mai ƙarfi zai riƙe dogon mashi lafiya lau.

Sannan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kobold, wani ɗan ƙaramin dodo na wasan, yana samun fifiko (jefa dice biyu a ɗauki mafi yawa) wajen kai sara muddin abokinsa na cikin ƙafa 5 da abokin gaba. A mujallar Dragon ta 127, a 1987, editan mujallar, Roger Moore, ya ba da labarin kobold ɗin wani mai jan ragamar wasa da ake kira Tucker, waɗanda suka firgita manyan jarumai da wuta da tarko da harbi ta kafar bango. Gina wa naka ramuka masu rufin ƙafa 4, ka bar ƙaton ya shigo da rarrafe, gatarinsa na karo da rufi.