Daga aikatau zuwa girki a talabijin

'Yar'uwa, kin tambaya ko 'yar aiki za ta iya zama mai koyar da girki a talabijin. Palmirinha Onofre ta ƙasar Brazil ta yi hakan. Tun tana yarinya take aikatau a birnin Sao Paulo, daga baya ta riƙa sayar da kayan ƙwalama, kuma ba ta fara fitowa a talabijin ba sai a 1994, bayan ta haura shekara 60. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye aiki kafin sabuwar sana'ar ta fara kawo kuɗi, da kuma yin girki da ƙiyasi, alhali mai kallo ma'auni yake buƙata. Idan wani gidan talabijin ya kawo miki kwantiragi, kada ki sa hannu sai lauya ya duba.