Amsa: Maganin Mongoliya da mantuwar Baba bayan tiyata

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce tun da aka yi masa aikin ƙugu yake manta inda ya ajiye carbinsa, kana tambaya ko maganin gargajiyar Mongoliya zai taimaka.

Wanda ka gani, Eerdun Wurile, haɗi ne na itatuwa da ma'adinai da ake ba masu shanyewar ɓarin jiki a Mongoliya ta Ciki, ƙasar Sin. Gwajinsa kan mantuwar bayan tiyata kuwa, a jikin ɓeraye aka yi. Ni dai ba zan ba tsoho ba.

Irin wannan ruɗewar takan lafa cikin makonni ko watanni. Ku fara komawa wurin likitansa ya duba magungunan barci da na ciwo da yake sha, da ciwon sanyin fitsari.