Hukuncin Ziyartar Farin Dokin Uffington da Taya Sabunta Allinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila. Abokan karatuna sun gayyace ni Uffington, inda aka zana ƙaton doki da farin alli a jikin tudu. Za mu kalla, mu kuma taya 'yan sa-kai sabunta allin. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a karatu.

Zuwa kallo babu laifi. Allah ya umarce mu a Suratur Rum, aya ta 42, da mu yi tafiya a ban ƙasa mu ga ƙarshen waɗanda suka gabata. Dokin nan ya kai kusan shekara 3,000, tsawonsa kimanin mita 110, kuma ba wurin bauta ba ne a yau.

Sabuntawar ce nake so ka tsaya ka duba. Ba fenti aka shafa ba. Rami aka haƙa a siffar doki, aka cika shi da dakakken alli. Da an daina kula da shi, ciyawa za ta cinye shi ya ɓace. Saboda haka mai durƙusawa da guduma yana dandaƙa alli cikin ramin nan, shi ne yake fito da surar da hannunsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya ce wa wani mai zane, in dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Mu Malikawa, abin da muka haramta shi ne cikakkiyar surar mai rai wadda take da inuwa, shimfiɗaɗɗiya irin wannan kuwa makaruhi ce. Sauran mazhabobi uku sun tsananta, sun haramta ko da babu inuwa. Tunda babu lalurar da ta matsa maka, ka janye hannunka. Ka faɗa wa abokanka dalilinka cikin ladabi, ka ɗauki tsintar shara ko gyaran hanya.

In suka ce a wuce zuwa Cerne Abbas a yankin Dorset, kada ka bi su. Can surar namiji ce tsirara da aka zana da alli, ga camfin cewa mai neman haihuwa ta kwana a kanta. Haihuwa kyautar Allah ce, nemanta wurin alli hanyar shirka ce.

Kada kuma kishi ya ɗebe ka ka ɓata musu zane. Da amana ka shiga ƙasarsu, kuma hadisin Sayyidina Aliyu na shafe surori aikin mai iko ne, ba na baƙo ba.

Wallahu a'alam.