Amsa: Ina ake adana tarihin baƙaƙen fatar Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai ɗakin karatu na jama'a da ya keɓe kansa ga tarihin baƙaƙen fatar Amurka, ko kuwa sai a jami'o'i. Akwai, kuma wanda ya fi shahara shi ne Cibiyar Schomburg da ke unguwar Harlem a birnin New York, a kan titin Malcolm X.

Asalinta reshe ne na ɗakin karatun birnin, na Titi na 135. A 1925 aka buɗe sashen tarihi da adabin baƙar fata a cikinsa. Arturo Schomburg kuwa, wanda cibiyar ke ɗauke da sunansa, haifaffen Puerto Rico ne a 1874. Ana ba da labarin cewa wata malama ta gaya masa tun yana yaro wai baƙar fata ba su da tarihi. Sai ya ƙarar da rayuwarsa yana tara littattafai, wasiƙu da hotuna da kuɗin aljihunsa. A 1926 Gidauniyar Carnegie ta biya dala 10,000 aka saya wa ɗakin karatun tarin nasa, shi kuma ya zama mai kula da shi daga 1932 har rasuwarsa a 1938.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, ba a ɗauke kayan an kai wani wuri mai nisa ba. An ajiye su a Harlem, unguwar mutanen da tarihin nasu ne. Yau akwai abubuwa sama da miliyan 10, har da takardun Malcolm X da na marubuciya Maya Angelou. Idan Allah ya kai ka, shiga kyauta ne.