Gishiri, man kaɗe da kanwa: amsar wasiƙun 'yan sakandare

Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Daura ta rubuto cewa: "Allah ya gafarta Malam, malaminmu na kimiyya ya soke mini amsa don na ce narkewar ƙanƙara da narkewar gishiri abu ɗaya ne. To ai da Hausa duk narkewa muke cewa. Ni na yi kuskure ko Hausa?"

'Yata, malaminki yana da gaskiya, Hausa kuma ba ta yi kuskure ba. Kalmar narke abu biyu take ɗauke da su, Bahaushe kuwa ya daɗe da rarrabe su, sai dai a karin magana ya ajiye bambancin. Cewa ya yi: "Gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya." Ana faɗa wa mai dariyar wahalar wani, ya manta tasa tana tafe. Amma ki duba abin da ya kayar da kowannensu.

Man kaɗe zafi ne maganinsa. Daga kusan zafin jikin mutum, wato digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, ya fara sakin jiki, shi ya sa yake zama ruwa a tafin hannu, balle a ranar watan Afrilu ta Katsina da kan wuce digiri 40. Babu abin da ya shige shi. Zafi ne ya sa ƙwayoyinsa suka yi ta motsi har suka daina riƙe juna da ƙarfi, kuma da an mayar da shi wuri mai sanyi sai ya daskare, ya koma yadda yake. Haka ƙanƙara take yi a digiri 0. Gishiri ma yana irin wannan narkewar, sai dai ba ya yi sai zafi ya kai digiri 801, saboda haka yana da bakin yi wa rana dariya.

Ruwa kuwa wata hanya yake bi masa. Gishirin miya haɗin sinadari biyu ne, sodiyam da kulorin. Ƙwayoyin ruwa suna kewaye su, su janye su ɗaya bayan ɗaya, har su bazu ido ya daina ganinsu, harshe ne kawai yake shaida suna nan. Ko ruwan randa mai sanyi zai yi wannan aiki. Yana da iyaka kuma: mililita 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da kimanin giram 36, abin da aka ƙara sai ya kwanta a gindin kofi. In ana son gishirin ya dawo, sai ruwan ya ƙafe. Da haka mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar suke samun gishirin da ake cura kantu da shi, wanda ayarin raƙuman Abzinawa suka daɗe suna kawowa ƙasar Hausa. Man kaɗe kuwa ko kwana ya yi a ruwa ba zai gauraya da shi ba, a sama zai tsaya.

Wasu na son a ƙirƙiro sabuwar kalma domin raba su. Ni ban ga dalili ba. A ce "narkewa da zafi" da "narkewa a ruwa", kowane yaro zai gane. Kada dai ki haɗa su da damawa: garin da aka dama da ruwan sanyi bai narke ba, a bar shi ya jima za ki ga ya kwanta.

Wani ɗalibi daga Ƙofar Marusa a birnin Katsina ya tambayi ma'anar "kar" a cikin "kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta", yana zaton "kar" ce ta hani.

A'a, ɗana, wannan gajeren kashe ne. Kanwa ta kashe tsami, wato rigima ta mutu, hankali ya kwanta. In kuma aka ce kanwa ba ta kar tsami ba, to da sauran magana. Darasin da ake koya muku na asid da kishiyarsa ke nan. Tsamiya da lemun tsami da nono mai tsami duk asid ne, suna ƙasa da 7 a ma'aunin pH, wato ma'aunin ƙarfin asid da kishiyarsa, da ya tashi daga 0 zuwa 14. Kanwa, wadda akasarinta sodiyam kabonet da baikabonet ne, tana sama da 7. In suka haɗu kowa ya karya ƙarfin ɗan'uwansa, a samu wani nau'in gishiri da ruwa da iskar kabon dayoksaid, ita ce kumfar da za ka gani in ka matsa lemun tsami a ruwan kanwa. Ƙwarnafi shi ma asid ɗin ciki ne yake tasowa maƙogwaro, shi ya sa kanwa take kwantar da shi na ɗan lokaci. Ban ce a mayar da ita magani ba, sodiyam ɗinta yana da yawa, wanda abin ya dame shi ya ga likita.

In makarantarku ba ta da takardar gwajin asid, zoɓo ya isa. Zuba jiƙon zoɓo a kofi biyu, ka ɗiga lemun tsami a ɗaya, ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu zai yi duhu ya karkata zuwa kore.