Sarauta daban, jagorancin addini daban

Malam, ka tambaya ko sarakunan Lahore, babban birnin ƙasar Punjab a lokacin, jikokin malaman addinin Sikh ne. A'a. Jerin malaman nan goma, da ake kira Guru, ya ƙare da rasuwar Gobind Singh a 1708, jagoranci ya koma hannun littafin addinin, Guru Granth Sahib. Ranjit Singh kuwa, wanda ya kafa sarautar, da takobi ya ci Lahore a 1799. Mabiyi ne kawai, sai dai mai buɗaɗɗen hannu: shi ya lulluɓe wurin ibadarsu na Amritsar da zinariya.

Ɗansa Duleep Singh ne abin tausayi. Yana ɗan shekara goma Turawan Ingila suka tuɓe shi daga sarauta a 1849, suka karɓe lu'ulu'un Koh-i-Noor. Ya zama Kirista, aka kai shi Ingila. Sai a 1886 ya koma addinin iyayensa a Aden, cikin Yemen ta yau, amma an hana shi taka ƙasar Punjab.